Wasiƙar da Na Rubuta wa Mai Lofe

Na sauka daga jirgin ƙasa a wani birni na arewacin Italiya ranar Talata da hantsi, saura kwana tara a zauna kan maganar yayana. Ban san kowa a ƙasar ba sai mutum ɗaya, shi ma an fi shekara talatin rabon da in sa shi a ido. Abin da ke hannuna jakar fata ce irin ta malaman makaranta, cike da takardu, sai ƙullin ƙuli-ƙuli da Yaya Kulu, matar marigayin, ta cusa mini a gefe.

Bari in faɗi abin da ya kai ni. Yayana Garba ya yi aiki a Bakalori lokacin da ake gina dam. Mu mutanen wani ƙauye ne kusa da Maradun. Da ruwa ya ci gonakinmu muka dawo Talata Mafara, shi kuma ya shiga aikin da ya cinye gonar, don babu wani. Wani ƙaramin kamfani ne ya ɗauke shi, mai kawo bututun ban ruwa, aikinsa kuwa yanka bututun da inji. Bututun kamar na siminti yake, amma an haɗa shi da wani abu da ake kira asbestos. In ana yankawa sai farar ƙura ta tashi ta kwanta wa mutum a gira da gemu, har abokansa suna tsokanarsa wai ya yi furfura tun bai yi aure ba. Da albashin wannan aiki ya kai ni makarantar horon malamai.

Bayan shekaru masu yawa ƙurar ta tashi a ƙirjinsa, ta zama ciwon daji. Ya rasu ya bar mace da yara shida. Kamfanin ya daɗe da karyewa, amma kotu a ƙasarsu ta ware asusu don biyan diyya ga ma'aikatan da ciwon ya kama. Ta kuma sa wa'adi: duk wanda sunansa bai shiga ba kafin rana kaza, an rufe ƙofa. Sunan Yaya ya isa bayan wa'adin da wata biyar. Sai aka rubuto mana cewa akwai zama guda da ake yi wa waɗanda suka makara, alƙali ya ji dalilinsu. Wannan zaman na je.

A bakin tasha na haɗu da Alhaji Tanko. Hulata ya gani.

"Malam! Sannu da hanya. Kai, wannan sanyi da babbar riga? Daga ina?"

Kwana biyu ban ji Hausa ba, sai na ji kamar an ɗauke mini kaya daga ka. Na ce daga Talata Mafara. Ya ce ai yana da aboki a can, mai sayar da albasa. Ya karɓi jakata ya riƙe mini, ya kai ni wani shagon shayi, ya saurari labarina daga farko har ƙarshe yana girgiza kai yana salati. Da na gama ya ce takarduna ba za su karɓu ba sai an juya su zuwa harshen ƙasar an buga hatimi, kuma ya san mai yi. Na ba shi kwafin takardun, na ba shi fiye da rabin guzurina. Allah ya taimake ni ban ba shi na asalin ba, don suna can ƙasan jaka kuma na ji nauyin zazzage kayana a gaban mutane.

"Awa ɗaya, Malam. Kada ka motsa daga nan."

Na zauna har la'asar. Washegari na dawo kujerar, na sake dawowa ranar Alhamis. A rana ta uku matar da ke da shagon ta ajiye mini shayi da burodi, na nuna mata ban ce a kawo ba. Ta tura kofin gabana, ta nuna ƙofar da Tanko ya fita, ta kaɗa hannu alamar ya tafi ke nan. Sannan ta dafa teburin sau biyu ta koma aikinta. Ban san sunanta ba har yau.

Abin da ya fi damuna a kwanakin nan ba sanyi ba ne, rashin gaisuwa ne. A Mafara daga ƙofar gida zuwa masallaci sai ka tsaya sau biyar: ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya ruwa, ya kwana biyu. A can mutum zai zauna kusa da kai a mota kafaɗarku na gugar juna, ya sauka bai ce maka komai ba. Wata safiya na tsinci kaina ina gaida wani tsoho mai yawo da kare, na kai har "ya gida" kafin in lura ya tsallaka titi.

Ranar Juma'a na bi wasu mutane masu gemu har wani garejin mota da aka mayar masallaci. Bayan an sallame ina neman takalmina, sai na ji wani a bayana yana faɗa da waya: "Mi kake hwaɗi? Na ce maka sai watan gobe!" Na juya na riƙe hannun rigarsa kamar wanda ya kama ɓarawo.

Sunansa Isuhu, mutumin Tawa ta Nijar, yana dako a kasuwar kayan lambu. Da ya ji labarin Tanko bai ko yi mamaki ba.

"Gajere, da haƙorin Makka? Yana da aboki mai albasa garinku?"

Na ce shi ne.

"Ni aboki mai raƙumi ya ce yana da shi Tawa. Haba Malam, hedimasta guda, anka yi maka wayon ɗan aji ɗaya! Taho mu tahi gida, kada ka mutu muna nan, kai gawa gida tsada gare shi."

Ɗakinsu su huɗu ne. Ya bar mini katifarsa, ya ba ni wata tsohuwar rigar sanyi mai warin albasa, ya tuƙa tuwon garin alkama da miyar kuka da matarsa ta aiko masa. Na ci loma biyu na kasa ci gaba. Bai tambaye ni dalili ba, ya dai tura mini ruwa. Na fito da ƙuli-ƙulin Yaya Kulu, su huɗu suka cinye shi a tsaye suna sa mata albarka.

Isuhu ne ya karanta adireshin da ke hannuna, ya ajiye aikinsa na Asabar ya raka ni a bas zuwa wani ƙaramin gari a gindin duwatsu. Can mutumin da na sani yake. Shi ne Baturen da ke kula da masu yankan bututu a Bakalori, ma'aikata suka sa masa suna Mai Lofe don ba ya rabuwa da lofen taba. Shi ya nemo tsoffin ma'aikatansa da aka buɗe asusun, shi kuma ya aiko mini takardar gayyata da na samu biza da ita.

Na san shi ƙato, mai jan wuya, yana daka tsawa daga kan mota. Wanda 'yarsa ta kai mu wurinsa wani ɗan tsoho ne a kujera, da siririyar roba a hanci, da tukunyar iska a gefensa. Ciwon da ya kashe Yaya shi ne a ƙirjinsa. Ya ɗaga hannu.

"Malam Sani. Ina kwana? Ina gajiya? Ya mutanen Mahwara? Ya ruwa?" Yana yi yana tsayawa neman numfashi, amma bai tsallake ko ɗaya ba. Sannan ya ce, "Ya munka ji da haƙuri?"

Na ce, "Haƙuri da godiya."

Ya sa 'yarsa ta ɗauko wani ambulan. Tun daga nesa na gane rubutuna.

A nan dole in koma baya. Lokacin da tari ya matsa wa Yaya na kai shi babban asibiti a Sakkwato. Likita ya kira ni waje ni kaɗai ya faɗa mini sunan ciwon, ya ce mu mayar da shi gida mu kula da shi. Na faɗa wa Yaya Kulu. Shi ba mu faɗa masa ba, mun ce sanyi ne ya kama masa haƙarƙari. Haka ake yi a wurinmu, ba ni na fara ba.

Bayan wata ɗaya saƙo ya zo ta akwatin gidan waya na makarantar da nake shugabanta a Bakura. Abu biyu ne a ciki. Na farko 'yar wasiƙa da hannun Mai Lofe, da Turanci, yana cewa ya ji labarin Garba na tari, yaya jikinsa. Na biyu takarda mai shafi da yawa daga ofishin lauya. Na kai wasiƙar gida na karanta wa Yaya a zaure, yana jingine da matashi don ba ya iya kwanciya sosai. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Mai Lofe na nan da rai? Wanga mutum ya zage ni da yarensu ya hi sau dubu. Ka ce mai da sauƙi. Ka ce mai mun gode Allah."

Na ɗauki biro na rubuta. Da Turanci na rubuta, don in nuna wa Bature cewa ƙanin Garba mai yankan bututu ya yi karatu. Na nemi kalmar da ta fi kusa da "da sauƙi" na sa. A harshensu kalmar tana nufin mutum ya warke, ko yana kan warkewa.

Takardar lauyan kuwa ni kaɗai na karanta ta a ofis. Na ga ranar wa'adin, ba zan ce ban gani ba. Amma a shafin ƙarshe akwai wurin da majinyaci zai sa hannu da kansa, a ƙarƙashin sunan ciwon. Kuma a sama an rubuta diyya. Mu diyya ta mamaci muka sani. Ta yaya zan shiga zaure in ce wa wanda ya rene ni, sa hannu a nan, diyyarka muke nema, alhali yana zaune yana shan kunu? Na sa takardar a aljihun tebur na ce sai ya ɗan ji ƙarfi. A raina kuma na ɗauka wa'adinsu irin namu ne, wanda in ya wuce mutum zai je da dattijo ya ba da haƙuri a ɗaga. Sai bayan rasuwa, bayan Yaya Kulu ta fita takaba, na buɗe aljihun teburin.

Mai Lofe ya riƙe wasiƙar yana kallonta.

"Na yi murna ranar da ta zo," ya ce. "Na kira lauya na ce ta cire sunan Garba daga waɗanda muke bi, ya samu lahiya." Ya ja numfashi. "Malam, don mi ba ka rubuto da Hausa ba? Shekara shida na yi Mahwara. Na ga mutum ya ce da sauƙi da sahe, anka bisne shi da la'asar. Da ka rubuto da Hausa, da na gane."

Isuhu ya tashi ya tsaya a bakin taga yana kallon duwatsu.

Ranar Litinin muka je ofishin lauyar, wata mace mai furfura da ke jin Turanci. Ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce dalili biyu ne ake karɓa daga wanda ya makara: ko dai iyalin ba su san ciwon ba kafin wa'adi, ko kuma sanarwa ba ta same su ba. Ta ajiye takardar likitan Sakkwato a dama, ta ajiye wasiƙata a hagu.

"Wannan ta nuna kun sani. Wannan ta nuna sanarwa ta same ku. Abin da ya rage shi ne alƙali ya tausaya, kuma ba kasafai yake da ikon yin haka ba."

Da muka fito Isuhu ya ja ni gefe.

"Malam, ka ce ba kai ka rubuta ba. Ka ce mai rubutun wasiƙa na bakin kasuwa ne, jahili, ya karɓi takardar lauya ya naɗe ƙosai da ita. Wa zai tahi Bakura ya bincika?"

"Za a rantsar da ni."

"Da littahinsu za su rantsar da kai, ba namu ba."

Na ce masa Allahn ɗaya ne. Ya ce marayu shida ma Allah ya san da su. Ban yi fushi ba, don ya fi ni kusa da gaskiyar abin da ke jirana a gida. Kwana uku ina juya maganar. Ranar Laraba har na tsara yadda zan faɗe ta, na sa wa mai rubutun wasiƙar suna, na ba shi rumfa kusa da masu sayar da goro. Ba zan ce tsoron Allah kaɗai ya hana ni ba. Mai Lofe zai zauna a ɗakin, kuma ya san rubutun hannuna ne.

Zaman ba a babban ɗakin kotu aka yi shi ba. Wani ɗan ofis ne mai dogon tebur, da alƙali, mutum mai ƙaramar murya, da lauyar, da tafinta mai juya Turancina. 'Yar Mai Lofe ta turo shi a keken guragu da tukunyarsa a cinya. Alƙalin ya ɗaga wasiƙar.

"Kai ka rubuta wannan?"

"Ni ne."

"A lokacin ya samu sauƙi?"

"A'a."

"To ƙarya ka rubuta?"

Na ce ba ƙarya ba ce. Na ce a wurinmu in an tambayi mara lafiya jikinsa amsa ɗaya ce, ko yana kan gargara. Ba labarin jiki yake bayarwa ba, yana nuna bai yanke ƙauna ba ne, kuma ba ya kai ƙarar Ubangijinsa wurin mutane. Wanda ya tambaya ma ya san haka, ido yake dubawa ba baki ba. Na ce laifina shi ne na ɗauki maganar daga harshen da ake gane ta na kai ta wanda ba a gane ta. Tafinta ya tsaya sau biyu yana neman kalma.

Mai Lofe ya nemi izini ya yi magana da harshensu. Ya daɗe, yana yi yana hutawa. Ban ji abin da ya ce ba, sai dai na ji sunan Garba sau da yawa, na kuma ga ya nuna gira da gemu da yatsa. Alƙalin ya cire tabarau ya saurare shi har ya gama.

Sannan ya juyo gare ni. Ya ce ya yarda da bayanina kan wasiƙar, ya cire ta daga lissafi. Sai ya ɗauko takardar lauya, wadda na ajiye a aljihun tebur.

"Wannan fa? Ka ga ranar da ke jikinta?"

"Na gani."

"Me ya hana ka aiko da ita?"

"Sai ya sa hannu. In zai sa hannu sai na faɗa masa zai mutu."

Alƙalin ya juya biro a hannunsa. Daga baya ya ce shi ma ya yi jinyar mahaifinsa, ya san abin da nake faɗa. Amma an riga an ƙidaya waɗanda suka shigo cikin wa'adi, an yanka wa kowa rabonsa, kuma doka ba ta ba shi ikon buɗe ƙofa ga wanda ya sani ya jinkirta ba. Ya ce yana ba ni haƙuri. Ya miƙe ya ba ni hannu, ya sa hannu a takarda, aka kira wanda ke bayana.

A farfajiya Mai Lofe ya riƙe hannuna da nasa biyu, sanyi ƙalau. Ya ce in gaida mutanen Mafara, ya lissafa sunayen mutum bakwai. Biyar daga cikinsu sun rasu, ban faɗa masa ba. Isuhu ya raka ni tasha ranar Asabar. Na cire rigar sanyinsa zan ba shi, ya ce in tafi da ita, ko banza in nuna wa mutanen Zamfara na je Turai.

Na isa Talata Mafara da azahar. Ban biya gidana ba, na wuce gidan Yaya. Na tarar da Yaya Kulu a tsakar gida tana shanya shinkafar da ta turara don sayarwa. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, muka gaisa har ƙarshen gaisuwa, ba ta tambaye ni komai ba. Ta riga ta gani a fuskata.

Na ce ba a samu ba. Ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Da na so, da na tsaya nan. Ba ta taɓa jin labarin takardar aljihun tebur ba, abin da ta sani kawai an ce mun makara. Na faɗa mata duka, tun daga ranar da saƙon ya zo Bakura.

Ta daɗe tana baza shinkafa da tafin hannu.

"Takardar, sai ya sa hannu?"

"Sai ya sa hannu."

"Ƙarƙashin sunan ciwon?"

"Ƙarƙashinsa."

"Wata bakwai ya yi bayan nan," ta ce. "Har iri ya sa anka jiƙa mai, wai shi zai yanke shinkafarshi da kanshi. Kullum sai ya tambaya ko shinkafar ta yi ciki. Da ka kai mai takardar nan, da tun ranar ya juya huska bango."

Na sunkuyar da kai.

"Ban ce ka yi daidai ba, Malam. Ɗiyan nan ba su da komi, kai ma ka sani. Da ka hwaɗa mini, ni ma da aljihun tebur zan ce ka sa ta. Amma da mu biyu munka ɗauka, ba kai ɗaya ba." Ta karkaɗe hannunta a zane. "Bello na gona. Tun da ka tahi yake ƙidayar kwana, har ya wanke kayan makarantarshi ya goge. Ni ba ni iya hwaɗa mai. Kai za ka tahi, kuma ka hwaɗa mai kamar yadda ka hwaɗa mini, kada ka rage."

Bello shi ne babban ɗan Yaya, wanda ya ajiye karatu yana shekararsa ta biyu lokacin da ciwon ubansa ya yi tsanani, kuma diyyar nan yake jira ya koma. Na shanye ruwan, na sa takalmina, na bi bakin hanyar ruwa zuwa gonar. Tun daga nesa ya hango ni. Ya yar da lauje ya taho da gudu yana ɗaga hannu.